Wa Ya Tambayi Rabi? Haihuwa a Littattafanmu da Finafinanmu

Mai karatu, na tabbata ka san wannan fitowar, domin ka gan ta a fim ya fi a ƙirga, in kuma kai ma'abocin karatun littattafai ne to ka karanta ta har ka gaji. Hajiya ce za ta yi sallama ta shigo falon ɗanta fuska a murtuke, surukarta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ita kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Sai ta dubi ɗan nata ta ce, "Yau shekara huɗu ke nan ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ni jika nake so. Ko ka ƙara aure ko in tsine maka." Daga nan kai ma ka san sauran. Za a je gidan boka, za a kawo amarya, za a tafka kishi, can dab da ƙarshe uwargida ta fara amai, likita ya duba ya ce a yi mata barka, a saki kiɗa.

Kwanakin baya muna kallon irin wannan fim ɗin a gida tare da wata gwaggona, wadda ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka koma. Da aka zo inda jarumar take tsalle don murnar samun ciki, sai gwaggo ta ja tsaki ta ce, "Waɗannan yaran ba su san komai ba. Ni akwai cikin da na yi wa murna, akwai wanda na shiga ɗaki na turo ƙofa na sha kuka." Na ce, "Gwaggo, kukan me kuma?" Ta ce, "Ga ɗan wata bakwai a bayana, ga kasuwa ta juya wa Malam baya, ga amarya ana shirin kawowa. Kuma ka ce kukan me?"

Wannan magana tata ita ce dalilin wannan sharhi. Idan ka duba da kyau za ka ga labaranmu, na takarda da na kallo, tambaya guda suka iya yi game da haihuwa, wato me ya hana wance haihuwa. Tambayar da ta fi ta nauyi kuwa, wato me ke sa mutum baligi ya so haihuwa, me kuma ke sa gabansa ya faɗi idan ya tuna ta, da wuya ka ga marubuci ya tsaya a kanta. Da a ce baƙo zai yi mana hukunci da finafinanmu, sai ya rantse cewa a ƙasar Hausa miji da mata ba su taɓa zama sun yi shawara a kan 'ya'ya ba. Alhali kuwa ana yi, cikin dare, murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da hawaye. Bari mu ɗauki wasu ayyuka da yawancinmu muka sani mu ga abin da suka faɗa da abin da suka yi shiru a kai.

Magaji ake nema

Tun daga tushe aka ɗora mu a kan neman magaji. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, da wannan damuwar aka buɗe shi. Sarki Abdurrahman yana da mulki da dukiya, yana kuma da 'ya mace, amma duk da haka baƙin ciki ya hana shi sakat saboda ba shi da ɗa namijin da zai gaje shi, ga Waziri ya sa wa gadon ido. Sai da aka tara malamai arba'in suka yi kwana arba'in suna addu'a sannan aka sami Musa. Mu da muka karanta shi a firamare hankalinmu yana wajen aku da labaransa, ba mu lura da darasin da muka haɗiye tun a shafukan farko ba, wato gidan da ke da 'ya mace kaɗai kamar gidan da ba kowa ne.

Wanda ya fi shiga cikin al'amarin shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Malam Shehu attajiri ne a garin Galma, yana da mata uku, amma Allah bai ba shi haihuwa ba. Sai ya yi mafarkin cewa idan ya auri Zainabu zai samu. Ita kuwa Zainabu tana da saurayinta Abubakar, sun daɗe suna son juna. Dukiya ta yi aikinta, aka raba su, Malam Shehu ya aure ta, ta haifa masa ɗa namiji da ake kira Kyauta, sunan da Bahaushe kan ba ɗan da aka daɗe ana jira. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya sha baƙar wuya kafin ya samo, kuma da ya tashi ramawa bai taɓa Malam Shehu ba, yaron ya nufa. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya zubar wa ubansa da mutunci, daga ƙarshe ya kashe uban da hannunsa ba tare da ya san shi ne ba.

An saba koyar da littafin nan a matsayin gargaɗi a kan zalunci da ramuwar gayya, kuma haka ne. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin Kyauta. Kafin yaron nan ya iya magana manya biyu sun riga sun yi amfani da shi. A wurin ubansa shi ma'ajin dukiya ne, wanda zai hana ta watsewa a hannun dangi. A wurin Abubakar kuwa shi ne wurin da za a soka Malam Shehu ya fi jin zafi. Zainabu, wadda za ta ɗauki cikin ta yi naƙudar, hanya ce kawai da ake bi a kai ga ɗan. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin irin gidan da yaron zai buɗe ido a ciki, gidan da aka kafa a kan hawayen wani. Marubutan nan sun nuna mana, tun shekara casa'in da suka wuce, cewa son haihuwa kala-kala ne, akwai wanda son kai ne ya yi shigar son ɗa. Wannan shi ne ƙarfin littafin, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya sun ɗauki attajirin da mafarkinsa sun bar darasin.

Akwai kuma abin da mai karatu na yau zai yi wa murmushi. Mata uku a gida ɗaya, babu wadda ta taɓa samun ciki, amma ba wanda ya kalli Malam Shehu. A yi wa littafin uzuri da zamaninsa. Finafinanmu na yanzu fa, wane uzuri gare su? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 a duniya yana cin karo da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma kowane likita zai gaya maka cewa kaso mai yawa na matsalar daga maza yake. Haka nan samun ɗa namiji ko mace daga ƙwayar halittar uba yake tasowa. Duk da haka "juya" kalma ce da muka ware wa mata, kuma mace muke saka wa ido idan ta jera 'ya'ya mata. Fim nawa ka gani da Hajiya ta tasa ɗanta a gaba ta ce ya je a gwada shi?

'Ya'ya tara, saki ɗaya

Idan Jiki Magayi ya nuna abin da ke tura namiji, to littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, shi ya buɗe mana ɗakin mace. Abdulkareem Muhammad ya mai da shi fim a 1998 da sunan Alhaki Kwikwiyo, sannan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara. Shi ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya isa, ita ke ƙuƙutawa ta cike giɓin, kuɗinsa kuwa waje suke tafiya. Da ya auro Delu rigima ta tashi, ya saki Rabi, ya kore ta ita da 'ya'yan. Ta kama sayar da abinci, da shi ta ci gaba da riƙon yaran da karatunsu. Daga baya gobara ta cinye shagonsa a kasuwa, dukiya ta tafi, Delu ma ta yi gaba, sai ga manya sun taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma.

Lissafa da kyau, mai karatu. Ciki tara, naƙuda tara, wankan jego tara, goyo tara. A al'adance irin wannan matar ake cewa ta kafu, ta zama bango, ba mai iya girgiza ta. Hajiya Balaraba ta ɗauki wannan imani ta buga shi da ƙasa: takarda guda ta isa ta fitar da uwar 'ya'ya tara kan titi, kuma 'ya'yan da aka ce su ne garkuwarta su ne kayan da ta fita da su a ka. Abin da ya sa littafin ya yi tasiri shi ne marubuciyar ba ta yi wa'azi ba, kuɗin cefane ta ƙirga a gaban mai karatu, kwabo-kwabo, har ya ji yunwar gidan a cikinsa. Sannan dubi yadda aka rufe. Alhaji Abdu ya auri wadda ya so ba shawara, ya yi saki ba shawara, da ya faɗi kuma aka yanke wa Rabi hukuncin ɗaukarsa. Wa ya tambayi Rabi abin da take so, a farko ko a ƙarshe?

Kada ka ce ƙagen marubuciya ne. A 2010 wasu masu bincike biyu, Izugbara da Ezeh, sun buga sakamakon hirarrakin da aka yi da mata a jihohin Kano da Jigawa a kan yawan haihuwa. Matan da kansu suka bayyana cewa da gangan wasu ke jera 'ya'ya don nauyi ya yi wa miji yawa ya kasa ƙaro aure, ko kuma ya ji nauyin sakinsu. Ka ga ke nan a gidaje da yawa tsoro ne ke haihuwa, tsoron kishiya da tsoron zawarci.

Ga kuma lissafin gado, wanda kowace mace mai kishiya ta iya shi ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, matansa duka tumuni za su raba, wato kashi ɗaya cikin takwas. Ɗauki mutumin da ya bar naira miliyan 8 da mata biyu, iyayensa kuma sun riga shi. Matan za su raba miliyan 1, kowacce dubu 500. Sauran miliyan 7 na 'ya'ya ne, namiji rabo biyu mace rabo ɗaya. Idan uwargida tana da maza 5 da mata 2, amarya kuma tana da mata 2, to miliyan 6 za su shiga ɗakin uwargida, miliyan 1 ɗakin amarya. Shari'a ta ba kowa haƙƙinsa, ba ta ce a yi tsere ba. Amma matar da ba ta da sana'a, ba ta da gida nata, ba ta da tabbacin gobe, me kake zaton za ta yi da wannan lissafin? Gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi daga nan take samo ruwa, mu kuwa a fim mun mai da ita abin dariya ko aikin makirci, ba mu taɓa nuna ramin da ya sa matan suke rige-rigen ba.

Duk da yabon da na yi, ina da ƙorafi ɗaya a kan littafin. Sauƙin da Rabi ta samu ya zo ne ta hannun 'yarta Saudatu, yarinya mai tarbiyya da ta auri attajiri Alhaji Abubakar. Daɗin karantawa kam akwai, amma fa ya dawo da mu gidan jiya, wato tunanin nan na cewa a cikin tara ai ba za a rasa wanda zai fitar da uwa kunya ba. Rabi nawa ne a Kano waɗanda babu wani Alhaji Abubakar da ya taɓa tsayar da mota a ƙofar gidansu? Labarinsu yana nan yana jiran mai rubutawa.

Rumbun tsufa

Wannan tunani na cewa ɗa rumbu ne da ake tarawa don tsufa shi ya sa fim ɗin Indiya Baghban, na darakta Ravi Chopra, ya sa mutane da yawa kuka a nan lokacin da ya fito a 2003. Amitabh Bachchan da Hema Malini sun fito a matsayin miji da mata da suka shekara arba'in tare, suka ƙarar da duk abin da suka mallaka a kan 'ya'yansu maza huɗu. Da uban ya yi ritaya daga banki ya nemi su riƙe su, sai 'ya'yan suka raba su, uba a gidan wannan uwa a gidan wancan, bayan wata shida a yi canji. Wanda ya share musu hawaye shi ne maraya da suka ɗauki nauyinsa, wato Salman Khan.

Mun kalli fim ɗin mun tsine wa 'ya'yan, muka tashi. Amma ka sake kallonsa da idon wanda ke tunanin haihuwa, za ka ga yana faɗin abu biyu masu karo da juna. Na farko, ɗa bashi ne da za a biya, wanda bai biya ba butulu ne. Na biyu, jini ba ya ba da tabbacin komai, tunda wanda ba su haifa ba shi ya fi jin ƙansu. A ƙasar da manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su san wani abu wai shi fansho ba, dole mutum ya kalli 'ya'yansa a matsayin madogara, kuma ba abin zargi ba ne. Sai dai marubucin kirki zai tambaya: idan duk abin da ka tara 'ya'ya ne, su kuma suka tashi ba ilmi ba sana'a, wa zai riƙe wa? Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Wadda ta ce a dakata

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren, wato abin da ke sa mutum ya ja baya. A nan ne labaranmu suka fi rauni. Mace ɗaya tak muke da ita da ba ta son haihuwa, kuma kullum ita ce muguwar fim: 'yar boko ce ko 'yar masu kuɗi, tana shan ƙwaya a ɓoye don kada ƙirarta ta lalace, miji ya tsinci kwalin a ƙarƙashin katifa, ya yi mata kishiya 'yar ƙauye mai ladabi, daga ƙarshe ta dawo tana nadama likita ya ce mahaifarta ta lalace. An gama. Da wannan fitowar guda muka rufe bakin dubban mata da maza masu dalilai na gaskiya.

Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tsoron mutuwa. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Nijeriya suke. Matar da ta ga yayarta ta tafi da jijjiga, ko wadda aka yi wa tiyata sau uku likita ya ja mata kunne, idan ta ce a dakata ba ƙira take karewa ba. Akwai sikila. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai ciwon ƙashi ya san abin da ke zuwa ransa idan matarsa ta ce wata ya wuce. Shi ya sa dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta haɗa da gwajin jinsin jini. Akwai kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta, daga kwanon masara zuwa ragon suna da kuɗin makaranta. Magidanta da yawa da suka tashi a gidan mutum ashirin yau suna zaune a ɗaki biyu na haya, suna lissafin da iyayensu ba su taɓa yi ba.

Alƙaluma ma sun nuna ana wannan lissafin. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna a 2018 cewa matsakaicin haihuwar mace a Nijeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6, a Katsina 7.3, a Legas 3.4. A zagayen 2023 zuwa 2024 na ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 4.8. Wato wani abu yana sauyawa a cikin ɗakuna, amma kyamararmu tana falo tana ɗaukar Hajiya.

Wanda yake son ya ga yadda ake tunkarar irin wannan batu ba tsoro, ya nemi fim ɗin Capernaum na 2018, wanda 'yar ƙasar Labanan Nadine Labaki ta ba da umarni, ya kuma ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Labarin Zain ne, yaro ɗan kimanin shekara 12 a unguwar talakawa ta Beirut, wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita. Iyayensa suka aurar da ƙanwarsa Sahar tana da shekara 11, ta mutu ta dalilin ciki, ya daɓa wa mijin wuƙa aka ɗaure shi. Yana kurkuku uwarsa ta zo ta gaya masa tana da wani cikin. Sai yaron ya kai iyayensa kotu a kan sun haife shi, buƙatarsa kuma ita ce waɗanda ba za su iya riƙon 'ya'ya ba su daina haihuwarsu. Fim ɗin yana da nasa aibin, domin a wurare da dama ya fi ɗora laifi a kan talaka fiye da waɗanda suka talauta shi. Amma ya yi abu guda da ba mu taɓa yi ba, ya ba ɗan da aka haifa baki ya yi magana. Kuma a cikinsa akwai Rahil, 'yar ci-rani daga Habasha, wadda ta fi iyayen Zain talauci amma take ɓoye jaririnta a wurin aiki don kada a raba su. Da ita darakta ta nuna cewa rashin kuɗi daban, rashin kula daban. Mu da muke wuce yara da roba a hannu a kowace mahadar titi, ba sai mun je Beirut neman Zain ba. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taɓo zancen masu tara mata da 'ya'yan da ba za su iya riƙewa ba a 2017, an yi ta cece-kuce a rediyo da jaridu, amma ban ga masu shirya finafinai sun ɗauki zancen da nauyin da ya kamata ba.

Na san abin da wani zai ce: wannan ai kiran Turawa ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma ga waɗanda suka bi waccan hanyar can suna kuka. Gaskiya ne suna kuka. A Koriya ta Kudu matsakaicin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 a 2023 duk da maƙudan kuɗin da gwamnati ta zuba don a haihu, ƙasar Sin kuma da ta tilasta ɗa ɗaya ta janye dokar a 2016, zuwa 2021 ta koma tana cewa a haifi uku. Ni ban ce a bi su ba, ban kuma ce marubuci ya zama ma'aikacin asibiti mai tallar allura ba. Son 'ya'ya halitta ce, kuma daɗin da ke cikin jin ƙaramin yaro ya kira ka Baba ko Umma babu kuɗin da zai saye shi. Hasali ma wannan daɗin shi ma ba mu iya nuna shi ba, domin jariri a fim ɗinmu tsumma ne a naɗe da ake miƙa wa Hajiya ta yi guɗa. Tazara kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san goyon shekara biyu, sun san tafiya gida wankan jego, kuma macen da ta yi kwanika har gori ake yi mata. Abin da nake nema shi ne labari ya faɗi gaskiyar zuciyar mutane.

Saboda haka ga ƙalubale gare ku marubuta da furodusoshi. A ba mu fim ɗin da miji da mata masu son juna, masu tsoron Allah, za su zauna bayan yara sun yi barci, ita ta ce jikinta ya gaji, shi ya ce yana son ƙarin namiji, kuma kowanne a ba shi hujjar da mai kallo zai ji ta. A ba mu mijin da aka gwada aka ce matsalar tasa ce, mu ga yadda zai kalli matar da uwarsa ta shekara biyar tana zagi. A ba mu ma'auratan da Allah bai ba haihuwa ba har ƙarshen fim, suka riƙi ɗan wani suka rayu cikin mutunci, ba tare da an ƙago musu cikin dole a minti biyar na ƙarshe ba. Ba a buƙatar mota ko gidan bene don ɗaukar irin wannan, ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu da marubucin da ya saurari mata sun isa.

Gwaggona dai ta ce in an yi irin wannan fim ɗin a kira ta, za ta ba da labarin cikin da ta yi wa kuka kyauta. Shi ne ɗanta na shida, kuma yau a gidansa take zaune. Na tambaye ta ko ta yi nadamar kukan, ta ce ko kaɗan, domin ranar da ta yi shi dalilinta na gaskiya ne, kuma da an tambaye ta da ta faɗa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu nema, ya ba mu ikon sauke nauyin waɗanda ya ba mu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.